Ina zan samu Menger da Robbins cikin Italiyanci?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a fannin tattalin arziki a Italiya. An ba mu littafin Carl Menger da na Lionel Robbins kan hanyar binciken wannan ilimi, ni kuwa ba na jin Jamusanci. Shin an fassara su zuwa Italiyanci, kuma fassarar abin dogaro ce?

Amsa: An fassara duka biyun, sai dai ka san inda za ka nema. Italiyawa sun saba fitar da irin waɗannan littattafai a jere, cikin manyan kundaye. Francesco Ferrara ne ya buɗe wannan ƙofa a birnin Turin a 1850 da jerin Biblioteca dell'economista, wanda aka ci gaba da bugawa shekaru kusan saba'in. Har juzu'in farko na littafin Karl Marx kan jari a ciki ya fito, a 1886.

Littafin Menger na 1883, wanda ya kunna wutar jayayya tsakaninsa da Gustav Schmoller kan ko daga tarihi za a fahimci tattalin arziki ko daga ƙa'idoji, ya shiga Italiyanci a 1937. Kamfanin UTET ya buga shi cikin wani kundi mai suna Economia pura. Nan ɗalibai ke tuntuɓe: ka rubuta sunan Menger a kwamfutar laburare, wannan bugu ya ƙi fitowa, alhali yana kwance a kanta da sunan kundin a gadon bayansa. Masu karatu da Ingilishi ba su samu wannan littafi ba sai 1963. Akwai kuma sabuwar fassara ta 1996 daga kamfanin buga littattafai na Liberilibri, ita zan fi so ka fara da ita.

Na Robbins ba wuya. Ya fito a Ingila a 1932, UTET ta buga Italiyancinsa a 1947. Amma ka lura, Robbins ya yi wa littafin gyara a bugu na biyu na 1935, don haka duba wanne malaminka yake nufi.

Batun dogaro kuwa, a tsofaffin kundayen ka karanta gabatarwa da taka-tsantsan. Ferrara ɗan a-bar-kasuwa-ta-yi-halinta ne, a 1874 ma ya rubuta maƙala yana caccakar 'yan ƙasarsa masu bin mazhabar Jamusawa irin su Schmoller. Dogayen gabatarwowinsa hujjojinsa ne, ba na marubucin ba. In za ka kawo jimlar Menger cikin kundin digirinka, nemi wani mai jin Jamusanci ya gwada maka ita da ta asali.