Amsa kan Chris Coleman: gwanintarsa ce ko ƙafar Bale?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda aka yi Chris Coleman ya zama koci, da kuma ko abin da Wales ta yi a ƙarƙashinsa a gasar cin kofin ƙasashen Turai ta 2016 aikinsa ne ko Gareth Bale ne ya goya shi. Na ga wasu sun riga sun yanke hukunci da "sa'a ce kawai". Ni tun yana Fulham nake binsa a gidan kallo, kuma ina ɗan horar da yara a unguwa, to bari in tofa albarkacin bakina.

Coleman haifaffen Swansea ne, a 1970. Mai tsaron baya ne, ya buga wa Swansea City da Crystal Palace da Blackburn, ya kuma buga wa ƙasarsa Wales wasa 32. A 1997 ya bar gasar Firimiya ya sauka har rukuni na uku ya koma Fulham, lokacin da Mohamed Al-Fayed ke zuba kuɗi a ƙungiyar, ya zama kyaftin ɗinsu. Haɗarin mota ne ya raba shi da fili: a Janairun 2001 ya karye a ƙafa, ya yi ta jinya, a 2002 ya haƙura ya rataye takalmi. Aka saka shi cikin masu taimaka wa kocin Fulham, Jean Tigana, da aka sallami Tigana a Afrilun 2003 sai aka ba shi riƙon ƙwarya, daga nan aka tabbatar masa da kujerar yana ɗan shekara 32. A lokacin babu koci mai ƙarancin shekarunsa a Firimiya.

Mutane na mantawa cewa a kakarsa ta farko cikakkiya ya kai Fulham mataki na 9, alhali a tsakiyar kakar aka sayar wa Manchester United da Louis Saha, wanda shi ke ci musu ƙwallaye. Wannan fa babu Bale a ciki. An kori Coleman a 2007, sai tafiyar ta yi tsami: Real Sociedad a Sifaniya watanni kaɗan, Coventry har 2010, sai Larissa a Girka inda matsalar kuɗi ta sa ya ajiye aiki.

Aikin Wales kuma a cikin makoki ya karɓe shi. Abokinsa Gary Speed ne kocin, ya rasu a Nuwamban 2011, Coleman ya gaje shi a Janairun 2012. Farkon ya yi muni ƙwarai, har Sabiya ta lallasa su 6-1. Duk wanda ya taɓa karɓar yaran da wani ya horar, kuma suna ƙaunarsa, ya san wahalar: ka canza tsari su ce ka raina mai gidansu, ka bar shi yadda yake kuma ba naka ba ne. Sai da ya daina taka sawun Speed sannan abin ya zauna. Ya mayar da kyaftin hannun Ashley Williams, daga baya ya koma jera mutum uku a tsakiyar baya, Joe Allen da Joe Ledley suna sharar tsakiya, Bale da Aaron Ramsey kuma aka sakar musu mara. Mataimakinsa Osian Roberts, wanda daga baya Maroko ta ɗauka, yana da hannu sosai a wannan tsari.

Ga masu cewa Bale ne kaɗai, ku koma ku kalli wasansu na kwata fainal da Beljiyam a Lille a gasar ta 2016. Nainggolan ya fara zura musu wata daga nesa. Williams ya farke da ka daga kwana. Sai Hal Robson-Kanu, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, kuma a lokacin ba shi da ƙungiya don kwantiraginsa da Reading ya ƙare: ya karɓi ƙwallo daga Ramsey a cikin da'ira yana ba raga baya, ya ja ta da dunduniya ya juya, Fellaini da Meunier da Denayer suka wuce kamar waɗanda aka aika kasuwa, ya saka ta a raga. Sam Vokes ya cike ta uku. Bale bai ci ko ɗaya ba a ranar. Ƙasar da rabonta da babbar gasa tun 1958 ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Fotugal ta cire su 2-0, Ramsey da Ben Davies suna zaune saboda katin gargaɗi.

A ganina Coleman ba irin su Guardiola ba ne wajen ƙirƙirar dabara. Ƙarfinsa shi ne iya riƙe mutane, ya sa su yarda da juna, kuma hakan ya fi tasiri a tawagar ƙasa inda ba saye ba sayarwa. Inda yake da rauni shi ne zaɓen wurin aiki. Bayan Wales ta kasa zuwa kofin duniya na 2018, ya karɓi Sunderland a Nuwamban 2017 tana ƙasan tebur, mai ita Ellis Short yana neman mai saye, babu kuɗin cefane. Suka faɗa rukuni na uku, aka sallame shi a Afrilun 2018. Daga nan ya tafi Hebei a ƙasar Sin, shekara bai cika ba aka rabu, sai kuma Atromitos a Girka a 2022.