Hukuncin Ƙara Kuɗin Haya a Tsakiyar Shekara, da Zakkar Gidan Haya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, da na yi ritaya na haɗa kuɗin sallamata da ɗan abin da na gada, na gina gida mai sassa huɗu a Kano, na zuba 'yan haya. Kowa ya biya na shekara an ba shi rasit. Wata biyar ke nan da shigarsu, sai dillalin da ke kula mini da gidan ya kawo wani da zai biya kusan ninki biyu. Ya ce in gaya wa na ciki ko su cika ko su tashi, in mayar musu da ragowar kuɗinsu. Gaskiya abin da na karɓa ya daina isata, ga rufin sashe ɗaya yana yoyo. Ya halatta in bi shawararsa? Sannan zakka a kan ginin take ko a kan kuɗin haya?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya sa albarka a dukiyarka. Gina gida a ba da haya sana'a ce ta halal. Amma shawarar da dillalinka ya kawo ba ta halatta ba.

Haya ciniki ce, sai dai abin da ake sayarwa a cikinta amfanin gida ne zuwa wani lokaci, ba ginin ba. Ranar da ka karɓi kuɗi ka rubuta "shekara ɗaya" a rasit, ka sayar da zaman wata 12. Bango da ƙasa naka ne, zaman kuwa ya zama nasu har wa'adi ya cika. Allah yana cewa a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura." Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Malamanmu na Malikiyya sun raba haya gida biyu. Akwai wajiba, wadda aka yanke mata wa'adi, kamar "shekara ɗaya daga wata kaza". Wannan ta ɗaure mai gida da ɗan haya, babu mai warware ta shi kaɗai. Akwai mushahara, wato "kowane wata kaza" ba tare da an faɗi ƙarshe ba; a nan kowa na iya janyewa, sai dai gwargwadon kwanakin da aka riga aka biya. Taka ta ɗauru ta fuska biyu: an ambaci wa'adi, an kuma biya. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa ko mutuwar mazaunin gida ba ta warware haya. To abin da mutuwa ba ta warware ba, ta yaya zuwan mai kuɗi da yawa zai warware shi?

Na san kukanka gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 darajar naira ta faɗi, kuɗin da ake karɓa a Janairu kafin Disamba ya zama wani abu daban. Sai dai ka tuna kai ka karɓi naka a dunƙule tun ranar farko, lokacin da yake da ƙarfinsa. Da haya faɗuwa ta yi, ɗan haya ya zo ya ce ka rage masa daga abin da ya biya, da ba ka yarda ba.

Hanya ɗaya ce a buɗe: yardarsa. In ka zauna da ɗan haya ka ce ya bar maka ragowar watanninsa ka ba shi wani abu a kai, ya amince ba don tsoro ko kunya ba, babu laifi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta irin wannan a zamanta na Jidda a 1988. In ya ƙi, magana ta ƙare. Idan wa'adi ya cika kana da ikon sa sabon farashi, amma ka sanar da su da wuri, wata biyu ko uku kafin lokaci, domin mai iyali ba ya samun gida a mako guda, balle in yaransa na makaranta a unguwar.

Dillalin kuma ka yi masa magana. La'adarsa halal ce, Bukhari ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Hasan ba su ga laifinta ba. Amma shi wakilinka ne, amana ce a wuyansa. Kada ka manta duk sabon ɗan hayar da ya shiga, sabuwar la'ada ce gare shi. Shi ma wanda ya zo da ninki biyu, in ya san da mutane a ciki, ya shiga cikin hanin da Annabi (SAW) ya yi na yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa.

Batun yoyo shi ya fi damuna. Abin da Khalil, babban malamin Malikiyya, ya tafi a kai shi ne ba a tilasta mai gida ya yi gyara, amma in ɓarnar tana cutarwa ɗan haya na da zaɓin ya fita ya karɓi ragowar kuɗinsa. Wasu masu gidaje sun mayar da wannan dabara: a ƙi taɓa rufi da gangan, watan Agusta ya zo, matar gida tana jera bokitai a tsakar ɗaki, ana jingine katifa a bango, har mutum ya gaji ya kwashe kayansa da kansa. Wannan kora ce aka sake wa suna, kuma hadisin "babu cuta babu cutarwa" da ke cikin Muwaɗɗa ya hau kanta. A al'adarmu rufi da bango da masai na mai gida ne, ƙwan lantarki da kan famfo na ɗan haya, kuma abin da aka saba da shi tamkar sharaɗi ne. Ka kira kafinta kafin ruwa ya ci silin.

Zakka kuwa ba ta kan ginin, ko da ya kai miliyan nawa, tunda ba don sayarwa ka gina shi ba. Tana kan kuɗin haya. Haka majalisar da na ambata ta yanke a Disambar 1985: a fitar da kashi 2.5 cikin 100 bayan shekara ta zagayo daga ranar karɓa. Wato naira 25,000 a kowace miliyan ɗaya, in abin da ya rage, haɗe da sauran kuɗinka, ya kai nisabi, kimar giram 85 na zinare. Ka tambayi masu sayar da gwal farashin ranar, don yana motsi. Abin da ka ci da iyalinka ko ka kashe a gyaran rufin nan kafin shekarar Musulunci ta cika, babu zakka a kansa.

Wallahu a'alam.