Sunayen ruwa a bakin Hausawan Sudan

Ɗan'uwa, ka ce ka zauna da wasu mutanenmu a Makka, hira tana tafiya da Hausa tiryan-tiryan, amma da aka zo zancen ruwa sai ka ji ana bahar, khor, hafir, donki, har ka yi zaton mun manta gulbi da ƙorama da tafki. Ba mu manta ba. Rijiya har gobe rijiya muke ce mata. Abin da ya faru shi ne, ruwan da kakanninmu suka tarar a nan Sudan ba irin wanda suka baro ba ne, kuma a ƙasar da rani ke da tsawo, dole sunan ruwa ya gaya maka ko zai kai ka baɗi ko zai yashe ka a tsakiyar bazara.

Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, Fulani da Hausawa, suka zauna a gaɓar Nilu kusa da Sinnar. Garin har yau sunansa yake amsawa. Wannan kogin shi ne bahar. A Larabci teku ke nan, amma mutanen Sudan haka suke kiran Nilu, wanda ya gan shi a watan Agusta kuwa ba zai ga sun yi ƙari ba. Reshenmu daga tafkin Tana na Habasha yake saukowa, ana ce masa Bahar Azrak. Turawa suka fassara shi da shuɗi suka sa a taswira, duniya ta ɗauka. Alhali a Larabcin nan azrak duhu ne, har mutum baƙi wuluk azrak ake ce masa. Je ka tsaya a Mugran, inda ya haɗu da Farin Nilu a Khartum, lokacin ambaliya: ɗaya ya yi duhu da lakar Habasha, ɗayan fari-fari, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraye. Idan ruwa ya janye, gaɓar da ya bari da laka ita ce jarif, a nan muke zuba wake da masara da tumatir.

Khor kuwa shi ne kwarin da ke gudu da damina ya ƙafe da rani. Akwai manyan koguna masu wannan hali, kamar Gash na Kasala, inda Hausawa ke da yawa. Daga Iritiriya yake zuwa da ƙarfi 'yan watanni, ya ƙare a cikin ƙasa bai kai Nilu ba.

Hafir ne abin da na fi so ka gane. Za ka ce ai kududdufi ne, amma kududdufin Kano ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne ruwa ya taru a ciki. Shi hafir don ruwan aka haƙa shi, a ƙasar laka mai riƙe ruwa irin ta Gadarif, a tare khor a juyo shi ciki, a tara ƙasar da aka haƙo ta zama ganuwa. Ƙauye guda da dabbobinsa a kansa suke rayuwa. Ranar da aka fara ganin lakar gindinsa, magidanta sun san lokacin ɗaura jarkoki a kan jaki ya yi. Turanci bai sami kalmar da ta dace da shi ba, shi ya sa rahotannin ƙungiyoyin agaji suke rubuta hafir yadda yake, kamar yadda tsofaffin taswirorin Turawa suka bar khor da wadi, wani sunan Larabci na kwari.

Aron ya bi ta ɗaya ɓangaren ma. Donki, wato rijiyar burtsatse mai inji da tanki a sama da kwamin shayar da dabbobi, daga Turanci ta fito, daga ƙaramin injin da suke yi wa laƙabi da jaki. A Kurdufan, kafin donki, kuka ake rarakewa a cika ta da guga da damina, kowace bishiya da mai ita. Tabaldi suke ce mata, alhazan ƙafa da yawa sun sha daga cikinta.

Akwai ruwa ɗaya da ba na ambatarsa da daɗin rai, shi ne tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin Jazira, ƙasar da ke tsakanin Bahar Azrak da Farin Nilu, tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925. Mutanenmu sun tsinci auduga a can shekara da shekaru, suna zaune a matsugunan leburori da ake kira kambo, wannan ma daga Turanci. Kambo da yawa ba su da famfo. A tur'a ake wanki, a nan yara ke iyo, a nan ake ɗibar na sha, tsargiya kuma tana ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, wuta da man inji suka yi wuya, har waɗanda suka saba da famfo sun koma ɗiba a tur'a da bahar.