Tambayoyinku: Wai duk wanda ya fito daga makarantar Eton sai ya zama babban mutum?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah ina son ƙarin bayani akan wata makaranta a Ingila da ake ce mata Eton, naji ance firaministocin Birtaniya da yawa can suka yi karatu. Gaskiya ne? Kuma meye sirrin, karatun ne yafi na ko'ina ko kuwa dai don 'ya'yan manya ne? Daga wani malamin sakandare.

AMSA: Wa alaikumus salam malam. Abinda kaji gaskiya ne, firaminista 20 ne suka fito daga Eton, tun daga Robert Walpole da ya hau a 1721 wanda shi ake lissafawa a na farko, har kan David Cameron a 2010 da Boris Johnson a 2019. Sarki Henry na shida ne ya kafa ta a 1440 a bakin kogin Thames, tsallaken garin Windsor, kuma asali don yara 70 'ya'yan marasa hali ya gina ta su yi karatu kyauta. Har gobe akwai guraben nan 70 da ake samu ta jarrabawa, amma yanzu ɗaliban sun kai wajen 1,300, maza zalla daga shekara 13 zuwa 18, kuma kuɗin makaranta na shekara ɗaya ya haura fam dubu 60, kaga kenan ba ɗan kowa bane zai leƙa.

Karatu kam akwai shi, wannan ba musu. Amma ni a ganina babban abinda yaro yake fitowa dashi daga can shine rashin jin tsoron manya. Tun ranar da ya shiga ake bashi ɗakinsa shi kaɗai, kullum yana cikin baƙar kwat mai jela da farin wuya kamar wani alƙali, sannan yaran ne da kansu suke tafiyar da ƙungiyoyinsu, su rubuta wa minista ko wani shahararre takarda su gayyace shi yazo yayi magana su kuma su tsare shi da tambayoyi. A 2016 wasu ɗaliban makarantar su 11 suka shirya tafiya da kansu har Mosko suka zauna da Putin a fadar Kremlin. Toh yaron da yayi wannan yana ɗan shekara 18, wane ofis ne zai shiga jikinsa na rawa? Ka haɗa da cewa abokin da suka ci abinci tebur ɗaya gobe shine shugaban banki ko editan jarida, uban wani kuma ɗan majalisa ne, ai barewa bata gudu ɗanta yayi rarrafe. Cameron da Johnson duk daga Eton suka wuce jami'ar Oxford, hanyar a share take tun kafin a haife su, kuma wannan shine abinda yake damun 'yan Birtaniya da yawa, ni ma kuma ina ganin suna da hujja, don kusan kashi 7 cikin 100 ne kawai na yaran ƙasar ke zuwa makarantun kuɗi amma sai kaga su ne suka cika manyan kujeru.

Sai dai ba kowa ne ya gama da kyau ba, kuma ba kowa ne ya bi layin mulki ba. John Maynard Keynes ta jarrabawa ya shiga, ya zama masanin tattalin arzikin da har yau gwamnatoci ke aiki da tunaninsa in kasuwa ta durƙushe. George Orwell shi ko jami'a bai je ba, aikin ɗan sanda ya tafi yi a Burma a 1922, ya ajiye a 1927 don ya tsani mulkin mallaka, har wanke-wanke yayi a otal a Faris kafin sunansa ya fito a rubutu. Guy Burgess kuwa yana aiki a ma'aikatar harkokin waje ashe Tarayyar Sobiyet yake yi wa leƙen asiri, ya gudu Mosko a 1951 kuma can ya mutu a 1963. Ga Lord Lucan da ya ɓace a 1974 bayan an kashe mai rainon 'ya'yansa, har yau ba a ganshi ba. Abinda ma yafi taɓa min zuciya shine yaƙin duniya na ɗaya, tsofaffin ɗaliban Eton 1,157 ne suka mutu a ciki, da yawansu samari ne da basu daɗe da barin aji ba aka basu ƙaramin hafsa, kuma ƙaramin hafsa shine yake fara fita daga ramin da sojoji ke fakewa a fagen daga ya shiga gaba sojoji su biyo shi.

TAMBAYA: Salam. Shin akwai baƙar fata da ya taɓa karatu a can kuwa? Daga wata ɗalibar jami'a.

AMSA: Akwai 'yar uwa, kuma na farko da ya kammala ɗan Najeriya ne, Dillibe Onyeama, wanda mahaifinsa alƙali ne a kotun duniya dake Hague. Ya gama a 1969, amma wallahi ya sha wuya, yace in ya faɗi jarrabawa sai a ce ai dama baƙi haka suke, in kuma yaci sai a ce satar amsa yayi. A 1972 ya fitar da littafi akan wariyar da aka nuna masa, makarantar ta hana shi sake taka ƙafa cikinta, sai a 2020 shugabanta Simon Henderson ya fito ya bashi haƙuri, kinga kusan shekara 50 kenan. Ya rasu a 2022. A wannan shekarar ne kuma Kwasi Kwarteng, wanda iyayensa 'yan Ghana ne kuma shima ta jarrabawa ya shiga Eton, ya zama ministan kuɗin Birtaniya, amma kwana 38 kawai yayi aka sauke shi bayan ƙaramin kasafin da ya gabatar ya karya darajar fam.

TAMBAYA: Muna ta gardama da abokina, shi yace Churchill ɗan Eton ne ni nace a'a. A raba mana. Daga wani mai karatu.

AMSA: Kai ne da gaskiya ɗan uwa. Makarantar Harrow Churchill yayi, wadda aka kafa a 1572, ita ce babbar kishiyar Eton. Can ne kuma Jawaharlal Nehru yayi karatu daga 1905 zuwa 1907, wanda daga baya Turawan suka ɗaure shi wajen shekara tara a jimlace kafin ya zama firaministan Indiya na farko a 1947. Sarki Hussaini na Jodan da ɗan uwansa Sarki Faisal na biyu na Iraƙi su ma Harrow suka yi tare, Faisal aka kashe shi a juyin mulkin 1958 yana ɗan shekara 23, Hussaini kuma yayi ta mulki har 1999.