Tambaya da Amsa: Maigida Kirista a Gidansa, a Ikilisiya da Cikin Gari

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Maigidana dattijon ikilisiya ne, shi ke karanta sanarwa ranar Lahadi, wani lokaci har wa'azi yake yi. Amma a gida ni ce nake tara yaranmu huɗu mu yi addu'a safe da dare, shi kuwa yana ɗaki da wayarsa. Idan na yi magana sai ya ce shi ne kan gida, kada in koya masa aikinsa. Shin laifi nake yi da nake jagorantar sujada alhali yana nan? Yaya zan yi da shi?
Daga wata matar aure a Kafanchan.

AMSA: 'Yata, ba ki yi laifi ba, kuma kada ki daina. Bangaskiyar Timoti, wanda Manzo Bulus ya ɗauka kamar ɗan cikinsa, daga wurin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ta samo tushe, Bulus kuwa yabon matan nan ya yi a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti. Yara ba za su zauna da yunwar Maganar Allah ba don kawai mahaifinsu bai tashi ba tukuna.

Maganar da maigidanki yake kafa hujja da ita tana nan a Afisawa 5:23, ba kuwa wanda zai goge ta. Sai dai mutane da yawa suna tsayawa a wannan aya, ba sa ƙarasawa zuwa ta 25, inda aka umarci maza su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta. Aya ta 21 kuma, wadda ta riga su duka, ta ce masu bi su yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu. Wanda ya karanta wurin gaba ɗaya zai ga cewa kaya aka aza wa miji, kuma irin shugabancin da aka ba shi shi ne wanda Yesu ya nuna a Yahaya 13, sa'ad da ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya wanke ƙafafun almajiransa. Saboda haka duk namijin da ya ce shi ne kan gida, ya riga ya amsa da bakinsa cewa shi ya kamata ya fara tashi, ya fara durƙusawa, ya kuma fara neman gafara idan an sami saɓani. Afisawa 6:4 ubanni ta kira kai tsaye a kan tarbiyyar 'ya'ya. Ayuba, da dukan dukiyarsa, yakan tashi da sassafe ya miƙa hadaya saboda kowane ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Eli kuwa, firist ne a gidan Allah a Shilo, amma hukunci ya sauko wa gidansa domin ya san muguntar 'ya'yansa Hofni da Finehas, bai kuwa hana su ba. Ga dattijon ikilisiya abin ya fi nauyi, domin 1 Timoti 3:5 ta tambaya yadda wanda bai iya sarrafa gidansa ba zai kula da ikilisiyar Allah.

Wannan matsala ba ta gidanki ce kaɗai ba. Duk wanda yake shiga majami'unmu na ECWA, COCIN, EYN, LCCN, HEKAN, Baptis da sauransu ya san cewa Zumuntar Mata ce take cika kujeru a tsakiyar mako. Su ne suke zuwa gaisuwar marar lafiya da gidan makoki sanye da anko, su ne suke haddace ayoyi, yayin da taron Zumuntar Maza a wurare da yawa ba ya cika sai in za a yi zaɓe ko maganar gini. A ganina mu maza mun ɗauki abin da ake gani a bainar jama'a, wato kujerar gaba da kwamiti da makirufo, muka bar wa mata abin da Allah kaɗai yake gani, alhali a can ne ake gina yaro.

Duk da haka, ina roƙonki kada ki yanke cewa girman kai ne kaɗai yake damun maigidanki. Maza da yawa sun tashi a gidajen da ba su taɓa jin mahaifinsu ya yi addu'a da murya ba, in ban da ta cin abinci. Irin wannan mutum yana iya tsayawa gaban jama'a da takarda a hannu, amma a gaban matar da ta san fushinsa da bashin da ake binsa, sai kunya ta kama shi, ya ga kamar munafunci zai yi. Sau da yawa faɗan da yake yi miki mayafi ne na wannan kunya.

Shawarata ita ce ki nemi lokacin da kuke ku biyu, yara ba sa kusa, ransa kuma a kwance. Kada ki kwatanta shi da mijin wata, kada kuma ki fara da abin da bai yi ba. Ki gaya masa cewa yaran suna bukatar su ji muryar babansu yana ambaton sunayensu a gaban Allah, sa'an nan ki roƙe shi abu ƙarami wanda zai iya: ke ki ta da waƙa daga littafin waƙoƙi, babban yaro ya karanta Zabura ɗaya, shi kuma ya rufe da addu'a. Minti goma ya isa. Ranar da ya zo ya zauna a kan tabarma tare da ku, ko da addu'arsa ta zama gajeriya ce mai in'ina, kada ki gyara masa a gaban yara. Ranar da bai zo ba, ku yi sujadarku yadda kuka saba, ku sa shi cikin addu'a ba tare da habaici ba. Idan watanni sun wuce ba canji, ki shaida masa cewa kina so ku je wurin pastonku tare, domin zuwa a bayan idonsa zai ƙara taurara zuciyarsa. In kuwa faɗan ya kai ga zagi mai ci ko duka, to, magana ta canza, kada ki ɓoye, ki sanar da pasto da iyayenki nan da nan. Babu ayar da ta ba miji izinin ɗaga hannu a kan matarsa, 1 Bitrus 3:7 ma gargaɗi ta yi cewa wulaƙanta mace yana toshe addu'ar miji.

TAMBAYA: Ina cikin kwamitin dattawa na ikilisiyarmu. Akwai wani attajiri a cikinmu wanda ya sayi kwanon rufin majami'a shi kaɗai, amma kowa ya san yana riƙe wa ma'aikatan gonarsa haƙƙinsu wata da watanni, waɗansunsu ma 'yan ikilisiyarmu ne. In aka tabo maganar a kwamiti sai kowa ya sunkuyar da kai. Ni ne ƙarami a cikinsu. In yi magana ko in yi shiru?
Daga wani dattijon ikilisiya a Billiri.

AMSA: Ɗan'uwa, ka yi magana. Yakubu 5:4 ta ce ladan ma'aikatan da suka girbe gonaki, wanda aka danne, yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Sura ta 2 ta wasiƙar ta hana a ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau a bar matalauci a tsaye. Kwanon rufi ba ya biyan bashin lebura, kuma ikilisiyar da ta karɓi baiko ta rufe baki ta sa hannu a cikin zaluncin.

Amma yadda za ka yi maganar yana da muhimmanci ƙwarai. Da farko ka tabbatar da gaskiyar abin daga bakin ma'aikatan da kansu, domin "kowa ya sani" ba shaida ba ce. Sa'an nan ka bi matakan Matiyu 18:15-17: ka je wurinsa kai kaɗai, in bai ji ba ka koma da mutum ɗaya ko biyu, sai bayan haka a kawo maganar gaban ikilisiya. Annabi Natan bai yi shelar zunubin Sarki Dawuda a kasuwa ba, fada ya shiga ya same shi, ya ba shi labarin matalauci mai 'yar tunkiya guda, har Dawuda ya yanke wa kansa hukunci. Wataƙila mutumin nan shi ma yana cikin matsi wanda yake jin kunyar faɗa, in haka ne sai a tsara yadda zai biya kaɗan-kaɗan, a rubuta, a sa shaidu. Ka sani za a iya cewa ba ka da kunya, za a iya ƙin sake zaɓenka, ka shirya wa wannan tun yanzu. Ƙuruciyarka a kwamiti ba hujjar shiru ba ce, sai dai ta wajabta maka ladabi: ka fara sanar da pasto da shugaban kwamiti abin da kake niyyar yi, don kada su ji a bakin wani.

TAMBAYA: Baba, ni saurayi ne. An kashe ƙanen mahaifina a harin da aka kai ƙauyenmu. Abokaina sun ce namiji ba ya barin jinin ɗan'uwansa ya tafi a banza, suna shirin tare hanya su rama a kan duk wanda suka samu na wancan ɓangare. Da na ƙi, sai suka fara kirana matsoraci, wai coci ta mai da ni mace. Shin Kirista ba shi da ikon kare kansa ne?
Daga wani saurayi a Mubi.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka ta'aziyya, ya ta'azantar da gidanku duka. Fushin da kake ji ba abin kunya ba ne, Zabura cike take da kukan mutanen da aka zalunta suna tambayar Allah har yaushe.

Akwai bambanci tsakanin tsaro da ramuwa, abokanka kuwa sun haɗa su wuri ɗaya. Lokacin da Nehemiya yake gina garun Urushalima, magabta suna barazana, sura ta 4 ta ce sun yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Don haka namiji ya kwana yana gadin unguwarsa tare da 'yan banga da hukuma ta san da su, ya san hanyar da zai fitar da mata da yara da tsofaffi in abu ya taso, ya kai rahoto, ya tsaya shaida a gaban shari'a ko da ana tsorata shi, duk wannan aikinsa ne. Amma tare hanya a kashe direba ko ɗan tireda wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai sunansa ko addininsa, kisan kai ne, ba shi da wani suna. Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce. Wanda za su kashe shi ma ƙanen mahaifin wani ne, washegari kuma ƙauyenku ne zai biya.

Kai ɗan ƙasar Mubi ne, ka san abin da ya faru a watan Oktoba na 2014, lokacin da Boko Haram ta kama garin, ta kuma mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi, har shugabannin ikilisiyar suka koma Jos na wani lokaci. Wannan ikilisiya ta EYN, wadda aka kafa a Garkida a 1923, ta rasa majami'u da mambobi masu ɗimbin yawa, yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilu na 2014 ma 'ya'yanta ne, duk da haka ba ta sauya koyarwarta ta salama ba. Ka tuna da Rabaran Lawan Andimi, shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) na Michika, wanda aka sace a farkon Janairu na 2020 aka kuma kashe shi kafin watan ya ƙare. A bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar, cikin natsuwa ya yi magana, ya nuna cewa bai karaya ba domin kome yana hannun Allah. Ban ga wanda zai kalli wannan bawan Allah ya kira shi matsoraci ba.

Ka kuma dubi Pasto James Wuye na Kaduna, wanda ya bi irin hanyar da abokanka suke kiranka zuwa gare ta. Ya jagoranci matasa a rikicin 1992, ya rasa hannunsa na dama. Imam Muhammad Ashafa, wanda yake ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare, suka shiga tsakani a wurare irin su Yelwa da Shendam a Jihar Filato. Wuye ya san abin da ramuwa take haifarwa a jikinsa, ba a labari ba. Kada kuma ka manta da Imam Abubakar Abdullahi na yankin Barkin Ladi, wanda a watan Yuni na 2018 ya ɓoye Kiristoci 262 a masallaci da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. Mutum irin wannan yana iya kasancewa cikin motar da abokanka za su tare.

Ƙin binsu kaɗai bai isa ba, tun da ka san shirinsu. Ka je yau wurin pastonku ko wani dattijo da samarin suke jin maganarsa, ka faɗa masa, domin a kira su a zauna da su kafin su fita. In sun nace, a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro. Za su ce ka ci amanarsu, wataƙila su daina gaishe ka na wani lokaci, ka jure. Bayan haka ka waiwayi matar marigayin da marayun da ya bari: ka tambayi wanda zai nome musu gonarsu a daminar bana da wanda zai biya kuɗin makarantar yaran, ka kai maganar gaban Zumuntar Maza ta ikilisiyarku, ka kuma fara rubuta sunanka cikin waɗanda za su fita gayya.