Ga 'yar'uwar da ta koma shan kunun gero don rage ƙiba

Wallahi 'yar'uwa, da na karanta cewa kin bar tuwon dare kin koma kunun gero amma nauyin ya ƙi sauka, sai na ji kamar ni ce na rubuta. Wata takwas na yi a haka.

Bayan haihuwata ta huɗu na kai kilo 97. A bikin ƙanwar maigida ana rabon anko, yayarsa ta ɗaga atamfa a gaban mata ta ce, "Ke kam sai an ƙara miki yadi biyu." Aka kwashe da dariya. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na ci gaba da zuba wa baƙi abinci. Har yau atamfar tana ƙasan akwati, ban kai ta ɗinki ba. Ita kuwa ta manta ma ta faɗa.

To, wane kunu kike sha? Nawa a da na gasara ne: an surfe geron, an niƙa, an tace, dusar duk ta tafi wajen awaki. Ga sukari cokali huɗu, ga madara, ga kwano guda. Da aka gwada sugana da safe kafin in ci komai, 112 ya nuna, likita ta ce daga 100 zuwa 125 mutum yana bakin ciwon suga. Jikina ya yi sanyi.

Ki wanke geron ki shanya, a niƙa shi da dusarsa, kar ki tace. Akwai ɗan kaushi a maƙogwaro, za ki saba. Dusar ce ke sa ya daɗe a ciki, suga ba ya tashi lokaci guda, bayan gida ma ya daidaita. Citta da kanumfari da tsamiya sun ishe shi daɗi. Don Allah ki rabu da shayin rage ƙiba da ake talla, gudawa kawai ya sa ni, kuɗina suka tafi.

Kofi ɗaya ya isa, ki haɗa da dafaffen ƙwai ko wake, domin abin sha ba ya riƙe ciki kamar abin da aka tauna. Ni da tafiyar minti talatin bayan asuba na haɗa, yanzu ina kilo 88. Ki je a gwada suganki cikin satin nan, ki dawo ki faɗa mana.