Tambaya da Amsa: Wane ne mai lamba 46?

Tambaya: Malam, ɗana ya liƙa lamba 46 a babur ɗinsa, wai ta Valentino Rossi ce. Wane ne shi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, ɗan tseren babura ne daga Italiya, an haife shi a 1979, ya ci kambun duniya sau 9. Ni dai 2004 ta fi burge ni. Yana kan ganiyarsa ya bar Honda ya koma Yamaha, wadda rabon matuƙinta da kambun babban rukuni tun 1992, amma a tseren farko, a Afirka ta Kudu, ya zo na ɗaya. Ya karye a ƙafa a filin tseren Mugello da ke Italiya a 2010, ya yi ritaya daga tseren babura a 2021. Lambar kuwa gado ce, mahaifinsa Graziano ya yi tsere da ita.